Shin narkewar ƙanƙarar Antaktika ba za ta ɗaga ruwan teku ba?

Tambaya: Malam, ina koyar da labarin ƙasa, kuma hankalina a tashe yake. Ɗalibaina sun kawo mini wani bidiyo da ke cewa ƙanƙarar da ta shimfiɗu a kan ruwa a gaɓar Antaktika, ko ta narke duka, teku ba zai ƙaru ba, kamar dai ƙanƙara a cikin kofi. Me zan ce musu?

Amsa: Malama, kina da dalilin damuwa. Maganar kofin nan kusan kullum sai an kawo mini ita, kuma ta ishe ni, domin gaskiya ce aka yanke mata rabi. Eh, ƙanƙarar da ta riga ta hau ruwa, narkewarta ba ta ƙara wa teku wani abin a zo a gani. Amma ita ce ta tokare kogunan ƙanƙarar da ke kan tudu, ta hana su kwararowa da gudu. A 2002 wata shimfiɗar ƙanƙara a gaɓar Antaktika mai suna Larsen B ta farfashe cikin 'yan makonni, fiye da murabba'in kilomita 3,000, sai kogunan da ke bayanta suka ninka gudunsu. Ƙanƙarar tudun nan ita ce ke ɗaga teku. Masu bidiyo sun san a nan maganarsu ke rushewa, shi ya sa suke tsayawa a kofi, su bar yara da ƙarya mai kama da kimiyya. Wannan ha'inci ne, kuma yana kashe wa mutane gwiwar ɗaukar lamarin da muhimmanci.

Ɓarnar kuma daga ƙasa ake yin ta. A tekun Amundsen da ke yammacin Antaktika, ruwa mai gishiri da ɗan ɗumi, kusan digiri 1 a ma'aunin Celsius, yana shigowa ta kwazazzaban ƙasan teku har gindin manyan kogunan ƙanƙara biyu, Thwaites da Pine Island. Kada digiri 1 ya ruɗe ki: ruwan teku sai wajen digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa, a zurfi ma sai ƙasa da haka, don haka wannan ɗumin ya isa ya narkar da ƙanƙarar ta ƙasa. Ruwan da ya narke ba shi da gishiri, bai kai na teku nauyi ba, sai ya bi ƙarƙashin shimfiɗar ya yi sama, ya jawo wani ruwan ɗumin ya maye gurbinsa.

Ki gaya musu Thwaites kaɗai tana riƙe da ƙanƙarar da za ta iya ɗaga tekun duniya da kusan santimita 65.