Amsoshin Tambayoyinku: Bashin Gida Bayan Naƙasa da Rasa Aiki

Tambaya: Ni magidanci ne mai shekara 44 a Kaduna. Na yi hatsarin mota a hanyata ta zuwa wurin aiki, na samu rauni a laka, yanzu a keken guragu nake, kuma kamfanin da nake yi wa aiki ya sallame ni. Akwai rancen gida a kaina ta tsarin NHF, wato Asusun Gidaje na Ƙasa, wata uku ke nan ban biya ba. Wasu sun ce in cire kashi 25 na kuɗin fanshona in biya, wasu kuma sun ce in sayar da gidan tun kafin banki ya yi gwanjonsa. Wanne ya fi?

Amsa: Allah Ya ba ka lafiya, Malam, Ya sa kaffara ne. Shawarata ita ce kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun a yanzu, domin akwai haƙƙoƙi biyu da ya kamata ka fara nema, kuma ɗaya daga cikinsu yana da wa'adi.

Na farko shi ne diyyar rauni a wurin aiki. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu a asusun da hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata, ke kula da shi, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ta tsaya ga raunin da aka ji a harabar kamfani kaɗai ba, ta haɗa da hatsarin da ya auku tsakanin gidan ma'aikaci da wurin aikinsa. Idan likitoci suka tabbatar da cewa naƙasar ta dindindin ce kuma ta hana mutum aiki gaba ɗaya, dokar ta tanadi a riƙa biyan sa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa. Idan kuwa naƙasar ta rage masa ƙarfin neman abinci ne kawai, ana lissafawa gwargwadon abin da ya rasa. Ka'ida ita ce ma'aikaci ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya daga ranar hatsarin, ko da yake ana iya karɓar ta har zuwa shekara uku idan akwai uzuri mai ƙarfi. Don haka ka tura wani ɗan'uwanka mai hankali ofishin hukumar mafi kusa da ku a wannan makon, da rahoton asibiti da na 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, da takardar ɗaukar ka aiki da takardun albashi. Kada ka jira kamfanin ya yi maka, domin wanda ya riga ya sallame ka ba lallai ne ya damu da bin takardunka ba. In an ƙi biya akwai damar ɗaukaka ƙara a cikin hukumar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Na biyu yana cikin takardun rancen da ka sa wa hannu. Bankunan lamunin gidaje kan sharɗanta inshora iri biyu, wato ta gobara a kan ginin da kuma ta kare rancen a kan ran mai karɓa, kuma galibi suna haɗa kuɗinta a cikin abin da ake cirewa ba tare da mai gida ya lura ba. Wasu daga cikin irin wannan inshora mutuwa kaɗai suke ɗauka, wasu kuma sun haɗa da naƙasa ta dindindin, inda kamfanin inshora zai biya ragowar bashin. Ka rubuta wa bankin ka nemi kwafin takardar inshorar da sunan kamfanin, ka ba lauya ko wani masani ya karanta maka sharuɗɗan. Idan ya kasance naka ya haɗa da naƙasa, to ka ga kuɗin fanshon da za ka zuba da sun tafi ne a kan bashin da wani ya kamata ya biya.

A cikin wannan wasiƙar ce kuma za ka bayyana wa bankin halin da kake ciki, ka haɗa da shaidar likita, ka nemi a dakatar da biya na wasu watanni ko a tsawaita wa'adin domin kuɗin wata ya ragu, a kuma yafe tarar jinkiri. Rancen NHF, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke bayarwa ta hannun ƙananan bankunan lamuni, kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara kuma wa'adinsa na iya kaiwa shekara 30, saboda haka duk wani rance da za ka ci a banki ko a wajen masu ba da bashi da ruwa domin cike giɓinsa ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ka tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafinka. Alƙawarin baka da wani jami'i zai yi maka ba ya hana gwanjo ranar da aka canja masa wurin aiki.

Game da fansho, gaskiya ne Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba ya cire abin da bai wuce kashi 25 na asusunsa ba. Sai dai wannan dokar ta ba ka wata hanya da ta fi dacewa da halinka: wanda ya bar aiki bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci saboda ba zai iya ci gaba ba, ana ɗaukar sa a matsayin mai ritaya ko da bai kai 50 ba, ya karɓi wani kaso a dunƙule sannan a riƙa biyan sa sauran wata-wata. A nan ne kalmomin takardar sallamarka suke da muhimmanci, don haka idan ba a ambaci rashin lafiya a cikinta ba, ka nemi kamfanin ya gyara kafin ka kai wa kamfanin da ke kula da fanshonka.

Tambaya: Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, an yi masa ritaya. An ce mana akwai inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara, kuma za a iya dawo masa da kuɗin NHF da aka yi ta cirewa. Za mu iya biyan bashin gidan da su?

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa, Allah Ya saka miki. Inshorar da aka gaya muku tana nan a dokar fansho, amma iyalan ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki ake biya, ba wanda ya naƙasa ba, sai dai in wurin aikinsa ya ƙara wani tanadi na daban, abin da ofishin kula da ma'aikata zai iya tabbatar muku. Kashi 2.5 na albashi da ake cirewa domin NHF kuwa, dokar asusun ta 1992 ta tanadi mayar da shi ga wanda ya kai shekara 60 ko ya yi ritaya ya kasa ci gaba da zubi, amma da sharaɗin bai ci rance daga asusun ba. Idan rancenku daga asusun ne, kada ku sa rai da tsabar kuɗi a hannu; ku dai nemi a ba ku lissafin zubin nasa a rubuce, ku tambaya ko za a rage shi daga bashin. Diyyar NSITF ma tana da wuya a irin wannan ciwo sai an tabbatar da alaƙarsa da aikin. Abin da ya rage muku shi ne inshorar rancen da na yi bayani a sama, da fanshonsa, kuma ba abin kunya ba ne ku miƙa buƙata ga hukumar zakka ta jiharku in akwai, tunda waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin rukunai takwas na masu karɓar zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya ce in bar masa gidan ya ba ni wani abu, shi kuma ya ci gaba da biyan bankin da sunana. In amince?

Amsa: A'a, Alhaji, ba a wannan tsarin ba. Bashin yana nan da sunanka, kuma ranar da ya daina biya kai bankin zai nema alhali gidan ya bar hannunka. Takardar mallakar ma tana wajen bankin, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta buƙaci amincewar gwamna kafin a sauya mallakar irin wannan fili. Idan sayarwar ta zama dole, a yi ta da sanin bankin da lauyanka: a kimanta gidan, mai saye ya biya ragowar bashin kai tsaye a asusun rancen, bankin ya saki takardun a rubuce, kai kuma ka karɓi rarar.