Na zana surukina a kan giwan ruwa, ga shi ya aiko a kai masa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, ya iyali, ya haƙuri da mu masu kawo miki damuwa kullum.

Ni matar aure ce a Argungu, 'ya'yana uku, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Zane ban karanta shi a ko'ina ba. Tun ina yarinya nake yi a bayan littafi, da na girma na koma yi wa ƙawaye zanen lalle. Bara ƙanwata da ke karatu a Birnin Kebbi ta kawo mini tsarabar fentin akirilik da buroshi, shi ne na fara zana ƙwarya, kwalekwale, fadamar shinkafa da makamantansu. Babu wanda ya damu da ni sai da na fara wannan da zan ba ki labarinsa.

Mahaifin maigidana tsohon masunci ne, Bakabe na asali, har tsagar yana da ita. Shekarun da ya yi yana shiga Matan Fada da homa da gora ba za su ƙirgu ba. Yanzu ƙarfi ya ja baya, aikinsa shi ne ba jikoki labarin wani giwan ruwa da ya taɓa kuɓuce masa, kuma kifin nan duk shekara ƙara girma yake yi a bakinsa. 'Yar farina, wadda yake kira amaryarsa, ita ce ta zo ta ce: “Umma, ki zana mini angona a kan kifin nan. Tunda ya kasa kama shi, sai ya hau shi.”

Gwaggo, na zana. Baba yana zaune a kan giwan ruwa, an ɗaura wa kifin sirdi da linzami da ado irin na dokin hawan sallah. Gora na rataye a kafaɗarsa, ya ɗaga homa sama kamar laima, tarwaɗa da karfasa suna biye da shi a matsayin zagage, wani kwaɗo a gefe yana busa algaita. Ruwan ya yi, kifin ya yi kyau har ni kaina nakan tsaya ina kallo. Fuskar ce ta ƙi. In na gyara hanci sai ido ya gudu, in na gama sai in ga wani tsoho ne daban wanda ban taɓa gani ba. Fatar kuma kullum toka-toka take fitowa.

Ba ni da lokacin yi sai bayan isha'i, in yara sun kwanta na gama makin littattafai, da fitila mai caji in an ɗauke wuta. Launin da na haɗa da dare, in gari ya waye sai in ga ba shi ba ne. Fentin yana bushewa a faranti kafin in juya. Autana ya taɓa lallaɓowa ya dangwala hannunsa a tsakiyar kogin. Inna, wato uwar mijina, ta shigo wata rana ta gan ni da buroshi, ta ce ita ba ta taɓa ganin uwar 'ya'ya uku tana wasan yara ba. Alhali ban taɓa barin girki ko wanki saboda zane ba.

Duk wannan da sauƙi. Ƙanwar mijina ce ta ɗauki hoton zanen ba da sanina ba ta sa a WhatsApp. Dangi suka gani. Wasu na dariya, wani yayan mijina kuma ya turo saƙon murya cewa zanen mai rai haramun ne, kuma wannan raini ne ga mahaifinsu. Maigidana da ya fara ganin zanen sai da ya yi dariya har da hawaye, amma yanzu ya ce in rufe shi kawai, bai ƙara cewa komai ba. Jiya kuma Baba ya aiko wani jikansa, wai a kai masa kifinsa ya gani.

Mutumin nan ko sunansa ban taɓa kamawa ba, a durƙushe nake gaishe shi. In kai masa ko in ce ya lalace? In shafe fuskar? Ko kuwa in haƙura da zanen gaba ɗaya in zauna lafiya da mutane?

'Yarki daga Argungu

*

Wa alaikumus salam 'yata. Kwaɗon nan mai algaita ya sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki, Allah ya shirya ki.

Kada ki ce ya lalace. Ƙarya ce, kuma hotonsa na cikin wayoyin dangi. Dattijo ya aiko a kai masa abu, ƙin kaiwa shi ne rainin, ya fi zanen nauyi nesa ba kusa ba. Ki kuma lura da wanda ya aiko. Tsohon da ransa ya ɓaci ɗansa yake kira ya zaunar da shi, ba ya tura jika. Ban ce tabbas murna yake yi ba, amma alamar ta fi kama da ta mai son gani.

Abin da ya rikita gidanku shi ne wasan na mutum biyu ne, hannun da ya zana kuma na wata ce daban. Tsakanin kaka da jika babu shamaki, tana iya ce masa rago, yana iya ce mata mummuna ya fasa auren, kowa ya yi dariya. Tsakanin suruki da matar ɗansa kuwa kunya ce. Da zanen ya fita waya babu bayani, dangi ba su ga wasan jika ba, matar ɗa suka gani ta ɗora surukinta a kan kifi. Saboda haka sai a mayar da wasan hannun mai shi. Maigidanki ya fara zuwa shi kaɗai ya gaya wa Baba yadda aka yi, cewa amaryarsa ce ta ba da aikin, kuma ba da yardarki hoton ya fita ba. Sannan ya koma da yarinyar, ita za ta riƙe zanen, ita za ta yi bayani. Ke ki zauna a gida, ki haɗa su da tuwon shinkafa da miyar kifi mai kyau. Shirun maigidan naki ma ba shi da amfani a nan. Shi ne ɗa, shi ya kamata ya sa ƙanwarsa ta cire hoton, shi zai amsa wa yayansa. Ki gaya masa haka cikin ladabi, a lokacin da ya ci ya ƙoshi.

In Baba ya gani ya ce ba ya so, magana ta ƙare. Fuskarsa tasa ce. Sai ki juyar da mahayin ya ba mai kallo baya, ko ki sa masa malafa ta rufe fuskar, ya zama wani masunci kawai. Zanen ba zai mutu don wannan ba.

Maganar yayan mijinki kan hukunci, kada ki yi watsi da ita don ta zo da zafi. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura suna cikin Bukhari da Muslim, kuma mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun haɗa har da zanen hannu na mutum ko dabba. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da aka fi karantawa a ƙasar nan tun kafin zamanin su Shehu Abdullahi na Gwandu, ta bambanta: abin da ta haramta shi ne sura mai jiki mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle a wurinsu makaruhi ne in ana girmama shi, bai kai haramun ba. Itatuwa da ruwa da gine-gine kuwa babu matsala a kansu. Ni ba mai fatawa ba ce. Ki samu malamin da ke da maigidanki kuka yarda da iliminsa, ki faɗa masa ainihin abin da kike zanawa, ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. Ko me ya ce, ni dai ba zan rataye shi a ɗakin da ake salla ba.

Amma ki bar zane gaba ɗaya? A'a. Inna ta kira shi wasan yara ne domin ba ta taɓa ganin babba yana yi ba. Ilimi ne da ake ba da digiri a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariyar nan ne a 1958, tun makarantar tana kwaleji, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiya a kan cewa mai zane ya ɗebo daga al'adar gidansu, ya daina kwaikwayon Turawa ido rufe. Ke da ba ki shiga ajin kowa ba, abin da kika yi ke nan. Bikin kamun kifin garinku ana danganta farkonsa da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu bayan doguwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Baƙi suna zuwa da manyan kyamarori su ɗauki dubban masunta suna rugawa cikin ruwa. Labarin tsoho da kifinsa mai girma duk shekara kuwa, sai ɗan gida ne zai iya zana shi.

Yanzu fuskar. Ki ajiye fenti tukuna, ki koma fensir ko gawayi a takarda. Masu koyo kusan duka suna ɗaga ido sama da yawa. Ido yana tsakiyar kai ne, rabi tsakanin tsakar ka da haɓa, kuma hula tana ruɗar mutum a wannan awon, don haka ki zana kan babu hula sannan ki sa masa. Kamanni ba a cikin tamoji ko gashin gira yake ba, yana cikin siffar ƙashin kai, tazarar da ke tsakanin ido da hanci da baki, da wuraren da inuwa ke kwanciya. Ina zargin tsagarsa kike fara bi don ita ce ta fi fitowa. Ki bar ta sai ƙarshe, da buroshi siriri, kuma kada ki ja ta da baƙi. In kin samu hotonsa, ki raba shi gida-gida da layuka, ki raba takardarki haka, ki cika gida ɗaya bayan ɗaya. In kin gaji da gani, ki juya hoton da zanen duka kai ƙasa, ko ki duba a madubi. Kuskuren da idonki ya saba da shi nan take zai fito.

Toka-tokar nan daga haɗa baƙi da fari take zuwa. Fatarmu ba baƙa ba ce a fenti. Ki fara da ruwan ƙasa mai ja-ja, ki duhunta shi da shuɗi mai duhu a wurin inuwa, ki haskaka shi da ruwan ɗorawa da ɗan ja, fari kaɗan ƙwarai. Mutumin da ke tsakiyar ruwa da rana, goshinsa da saman kuncinsa suna ɗaukar shuɗin sama. Ki kuma sani akirilik yana ƙara duhu kaɗan in ya bushe, sai ki riƙa gwadawa a gefen takarda ki jira.

Bushewar da yake miki halinsa ne, cikin 'yan mintuna yake kamewa, da hunturu abin ya fi muni. Ki samu roba mai murfi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, ki ɗora takardar nan da masu kek ke shimfiɗawa a tire, ki zuba fentin a kanta. In kin rufe zai kwana da danshinsa. Amfanin wannan saurin bushewar shi ne kina iya rufe tsohuwar fuskar da fari ki sake sabuwa a kai. Da dare ki yi ruwa da sirdi da zagage. Fuska aikin rana ce, ki ware mata safiyar Asabar ko Lahadi, a inuwa kusa da ƙofa, ko da rabin awa ne. Auta kuma a ba shi tasa takardar da launin yara, naki ki ɗaga sama, domin bai kamata ya kai shi baki ba, kuma in ya bushe a riga ba ya fita.

Inna kada ki yi musu da ita. Tunda girki da wanki ba su tsaya ba, ba ta da ƙorafi na gaske, mamaki ne. In sallah ta matso ki yi mata lalle da hannunki.

In Baba ya amince a ƙarasa, kada ki ci gaba da zana shi da ka, domin ke kunya ba ta taɓa barin ki kalli fuskarsa sosai ba, kuma ina jin rabin matsalar ke nan. Maigida ya ɗauko miki hotonsa da safe a ƙofar gida, haske ta gefe ɗaya, ba tare da fitilar waya ba. Yarinyar ta tsaya kusa tana tsokanarsa a kan kifin lokacin da ake ɗauka, domin fuskar da yake yi in yana wannan labarin ita kike nema.

Gwaggonki