Tambaya da Amsa: Na samu karatu a Maroko amma Baba na ɗari-ɗari

TAMBAYA: Salam Anti. Ni 'yar Ɗorayi ce, na gama Larabci a BUK. Da Sudan na so tafiya sai yaƙi ya ɓarke a 2023, yanzu na samu gurbi a Rabat, kwas ɗin Larabci da al'adu da haƙƙin ɗan Adam. Baba ya ce aƙidar Turawa za a cusa min. Kuma wai da gaske ba a gane Larabcinsu?

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Ni dai ra'ayina ki tafi, in Baba ya sa albarka.

Maganar yare gaskiya aka faɗa miki. A aji da huɗuba da labaran talabijin Fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi, za ki ji, amma kina shiga tasi ko kasuwa sai Darija, wato Larabcin gargajiyarsu, suna haɗiye wasula suna cakuɗa Faransanci, har ki fara tunanin ko ba ki taɓa karanta Ajurumiyya ba. Ga kuma yaren Amazigawa, wato Barbar, mutanen ƙasar na asali, da tsarin mulkin 2011 ya mayar harshen hukuma. Kar ki karaya, kuma don Allah kar ki lafe cikin 'yan Najeriya kuna ta Hausa dare da rana, ki nemi ɗaki da 'yan ƙasa, ki je cefane da kanki, haka kunne ke buɗewa.

Shi kuwa Baba kar ki ga laifinsa, tsoro ne irin na uba. Ki tuna masa mutanen nan Malikawa ne kamar mu, Warshu suke karantawa irin na allonmu, kuma a Fas zawiyar Shehu Tijjani take, inda Kanawa ke zuwa ziyara duk shekara. Haƙƙin ɗan Adam ɗin ma a can abu ne da suka ɗanɗana a jikinsu. A 2004 Sarki Muhammadu na Shida ya kafa hukumar binciken zaluncin da aka yi a shekarun baya, waɗanda aka azabtar a kurkuku suka fito talabijin suka faɗa da bakinsu, aka biya diyya. A shekarar dai aka gyara dokar iyali, Mudawwana, aka kai shekarun auren mace 18, kuma da malamai a kwamitin gyaran, da hujjar fiƙihu aka yi muhawarar. Wallahi ɗalibar Larabci daga Kano tana buƙatar ganin yadda ake irin wannan jayayya.

Amma ba aljanna ba ce. An ɗaure 'yan jarida, batun Yammacin Sahara kuwa, yankin da ake jayayya kan mallakarsa, ki kama bakinki a bainar jama'a. Kuma ke baƙar fata ce, za ki iya cin karo da mai yi miki kallon raini ko ya hana ki haya, abin na ci min rai amma gara ki sani tun daga gida.

Ki buga jadawalin darussan ki kai wa Baba ya gani da idonsa, ki tafi da kawu ko malamin da yake jin maganarsa. In kin sauka kuma ki fara neman takardar zama kafin komai.