Ƙarin ruwa ko allura ga mai ciwon kumburin hanji?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi miki kan ciwon Crohn (wani nau'in kumburin hanji), ƙarin ruwa ko allura. Infliximab, maganin ƙarin ruwan, a asibiti ake ɗaura shi ta jijiya, kusan awa 2, kuma bayan zuwa ukun farko sai duk mako 8. Adalimumab kuwa, maganin allurar, ke za ki yi wa kanki a cinya ko fatar ciki duk mako 2, amma wajibi ne ya zauna a firji. To, in wutarku ba ta zama, nan gizo ke saƙa. A ganina, mai mantuwa ko tsoron tsira wa kanta allura gara ta riƙa zuwa asibiti. Kowanne kuka tsayar da likitanki, a fara yi miki gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin duka magungunan biyu suna rage garkuwar jiki.