Binciken likita mai layin marasa lafiya a ƙofa

Ƙanena, ka ce kana son ka gano ko zazzaɓin cizon sauro ne ke tsananta tamowa ga yaran da ake kwantarwa a CRENI, wato sashen asibiti da ake jinyar yara masu tamowa mai tsanani, amma daga safe har la'asar layi ba ya yankewa. Lokaci zai samu. Tambayarka ce ta yi faɗi, sai ka matse ta tukuna: cikin yara ƴan wata 6 zuwa 59 da aka kwantar da tamowa mai tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, nawa ne gwajin TDR, wato gwajin jini na gaggawa, ya nuna suna da zazzaɓin? Wannan kam rajista da dosiye za su amsa maka.

Kafin ka buɗe dosiye ko ɗaya, rubuta abin da kake nufi da kowace kalma. Tamowa mai tsanani ita ce awon damtse ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, ko nauyi da ya gaza tsawo sosai bisa ma'aunin OMS, wato Hukumar Lafiya ta Duniya. A nan aka fi yin tuntuɓe. Wani ma'aikaci yana matse zaren awo har ya shiga fata, wani yana barinsa sako-sako, sai yaro guda ya faɗa rukuni biyu. Shi ma TDR yana iya ci gaba da nuna ciwo makonni bayan an sha magani an warke, don haka ka tanadi gurbin rubuta ko yaron ya sha maganin zazzaɓi kwanan nan, ko ya karɓi na rigakafin damina.

Yawan dosiye kuwa lissafi ne. Idan ba ka san adadin masu zazzaɓin da za ka tarar ba, ɗauki kashi 50 cikin ɗari. In ka yarda sakamakonka ya iya kaucewa da maki 5 sama ko ƙasa, kana buƙatar dosiye 384. Ƙara kashi 10 saboda waɗanda ba a cike da kyau ba, ka nufi 420 da ɗoriya. Kada ka tsinci masu kyan rubutu kaɗai, domin yaran da suka zo rai a hannun Allah su ne aka fi rubuta nasu a gaggauce. In rajistar na da yara 3000, ɗauki kowane na bakwai, ka fara daga lambar da ƙuri'a ta ba ka.

Takardar tattara bayani kada ta wuce shafi guda. Gwada ta kan dosiye 20, za ka ga tambayoyin da ba su da amsa, ka cire su. Zuba bayanan a manhajar Epi Info ko KoboCollect, wanda ke aiki a waya ko babu intanet. Kowane yaro layi ɗaya, da lamba a madadin sunansa. Inda babu bayani bar gurbin fayau, kada ka sa sifili, don kwamfuta za ta ƙirga shi a matsayin awo.

Nemi izinin shugaban asibiti da na kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da ke Yamai tun kafin ka fara, mujallu ba sa karɓar aikin da babu shi. Dosiye goma kullum bayan duba marasa lafiya, cikin wajen mako shida ka gama.

Sai dai ka sani, wannan aikin zai gaya maka yawan masu zazzaɓin ne kawai. Kafin ka ce shi ke tsananta tamowa, dole ka kwatanta masu shi da marasa shi: kwana nawa suka yi a gado, nauyi nawa suka ƙara, nawa suka rasu. Sa waɗannan gurabe uku cikin takardar tun yanzu, kada ka sake komawa ɗakin ajiyar dosiye karo na biyu.