Amsar Barista ga mai neman cemba (ofishin lauyoyi) lokacin hutu

Assalamu alaikum jama'ar gida. To, ƙanina, na ji saƙon muryarka tun jiya da daddare, yau kuma wuni na yi a kotu, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana aji huɗu a BUK, hutu ya zo, kawunka zai iya sama maka gurbi a ofishin wani SAN, wato mai lambar girma ta Babban Lauyan Najeriya, a Abuja, ga kuma wata ƙaramar cemba a nan Kano, wai wanne zai fi yi wa CV ɗinka kyau. Haba Malam. Mu ma mun yi ɗalibta. Abin da kake son ji shi ne ko za a riƙa ba ka ɗan wani abu a ƙarshen wata. To ba a bayarwa. Wasu dai sukan ba da kuɗin adaidaita in oga ya tashi da ƙafar dama. Ko ɗan bautar ƙasa, wasu ofisoshin sai su ce ai gwamnati tana ba ka dubu 77, me kuma kake nema? Cire wannan daga ranka tukuna.

Ni abu ɗaya nake tambaya game da kowace cemba: za su miƙa maka fayil ka riƙe da hannunka, ko kuwa kujera za ka ɗumama?

Bari in ba ka labarina. Lokacin muna Lo Sukul, makarantar horas da lauyoyi da ke Bagauda, aka tura mu atacimen, wato zaman koyon aiki, na kotu da farko sannan na cemba. Na yi ta kamun ƙafa har aka kai ni wani katafaren ofishi a Abuja, ba zan kama suna ba. Gilashi ko'ina, sanyin AC har cikin ƙashi, jerin NWLR, littattafan rahoton hukuncin kotuna, tun daga juzu'in farko na 1985 zamanin lauya Gani Fawehinmi da ya kafa su, ga su nan a kanta kamar ba a taɓa buɗe su ba. Mu tara aka zuba a laburare. Wallahi har muka gama oga bai san sunana ba, "Lo Sukul" yake kirana. "Lo Sukul, zo ka yi fotokwafi." Rannan ma makarantar 'ya'yansa aka aike ni in ɗauko su saboda direba ya tafi jana'iza, ina sanye da baƙar kwat da farar riga, rana tana dukana a bakin get. Logbuk ɗina kuwa, littafin da nake rubuta aikin kullum, wani ƙaramin lauya ne ya sa hannu a ranar ƙarshe, shafi bayan shafi, ko layi ɗaya bai karanta ba. Har yau in na wuce ta layin nan sai raina ya sosu. Fotokwafin ma injin yana cin takarda, in ya ci kai za a harara... kai, bar wannan maganar.

A'a, kar in zalunce su. Akwai wata Barista a wurin, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni ta nuna min shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, inda Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda sunan ofishi aka sa a wurin sa hannu, alhali doka lauyan da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi take so. Wannan kam a can na koya. Amma ka ga, sa'ar mutum ɗaya na yi, tsarin gidan bai tanadar min komai ba.

Inda na koyi aiki shi ne ofishin da na yi bautar ƙasa, ɗaki biyu a saman shaguna, fanka ɗaya tana kuka. Lauyoyi uku ne, don haka dole a ba ka aiki. Akwai wani dattijon akawu a wurin, bai taɓa shiga jami'a ba, amma shi ya riƙe hannuna ya kai ni rajistarar babbar kotu a Sakatariyar Audu Baƙo. Nan za a yi maka lissafin kuɗin shigar da ƙara, nan za ka biya, nan za a rantsar da afidabit, wato takardar rantsuwa, wannan shi ne mai kai sammaci, in ba ka bi sawunsa ka tabbatar shaidar isar da takarda ta shiga fayil ba, ranar zama alƙali zai ɗage shari'ar, wanda kake karewa kuma kai zai kalla. Babu malamin da ya koya min wannan a aji.

Kuma shi ya cece ni ranar da na kusa jawo abin kunya. An yanke wani ƙaramin hukunci a tsakiyar shari'a, oga ya ce in shirya ɗaukaka ƙara. Ni a kaina wata uku nake da su, na ajiye fayil ina ta harkokina. Baba akawu ya leƙo ya ce, "Barista ƙarami, wannan ba hukuncin ƙarshe ba ne fa, kwana 14 ne." Ranar ta goma sha biyu ke nan. Kwana na yi a ofis da fitilar waya, sauro ya yi biki.

To kar ka ce na ce Abuja ba ta da amfani. In harkar kamfanoni kake so, kwangiloli, man fetur, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, manyan ofisoshin Legas da Abuja ne wurin, wasunsu ma suna da tsari na gaske, a haɗa ka da wanda zai duba rubutunka. Sai dai ka bincika kafin ka hau mota. Nemi wanda ya zauna a can bara, ka ce masa me ka rubuta da hannunka, sau nawa aka tafi da kai kotu. In ya fara ba ka labarin motocin oga, ka samu amsarka.

Sannan ka sani, kai ɗalibi ne, ba za ka miƙe ka yi magana a gaban alƙali ba, ba za ka sa hannu a takardar kotu ba sai an rantsar da kai. Naka shi ne ka zauna a baya da biro, ka rubuta abin da ya faru, a dawo ofis ka yi tambaya. Kuma don Allah abin da ka gani a fayil ya tsaya a fayil. Kano ƙarama ce, rigimar gadon da kake karantawa wataƙila ta maƙwabcin kakarka ce. Kar in ga hoton takardar mutane a sitatus.

Maganar SAN kuma da ka ce kana hange, sai ka shekara 10 da rantsuwa kafin ma ka nema, kai ko Bagauda ba ka taka ba.  An kira Magariba, sai anjima.