Na Fasa Riƙe Mashaya a Ingila, Kamfani Ya Hana Ni Kuɗin da Na Ajiye

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara a Ingila da iyalina. Bara aikina ya tsaya, na yi wata biyar a zaune. Wani abokina ya haɗa ni da kamfanin da ke da mashaya da yawa, suna neman mai riƙe musu ɗaya a wani ƙauye. Gini nasu, kaya nasu, ni in kula da wurin, su ba ni kaso daga cinikin mako, ga gida a saman bene ba haya. Abokin ya ce abinci ya fi giya tafiya a wurin. Na sa hannu, na biya fam 5,000, a rasit aka rubuta ajiya ce saboda giɓin kaya ko na kuɗi. Sun kai ni horo na kwana biyar. Saura mako biyu in karɓi makulli, matata ta ce ba za ta kwana da 'ya'yanta a saman giya ba. Ni ma dama hankalina bai kwanta ba, sai na rubuta musu na fasa. Sun ce ba za su maido kuɗin ba sai in kawo wanda zai maye gurbina, ko in riƙe wurin wata uku. Fam 2,000 a ciki rance ne daga ƙanin matata. Wani ya ce mini a wurin Abu Hanifa ya halatta a sayar wa waɗanda ba Musulmi ba giya a ƙasarsu, don haka in yi wata ukun. Zan iya neman kuɗina, ko kafin alƙalami ne ya tafi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka gode wa Allah, sannan ka je ka gode wa maiɗakinka da bakinka. Haramcin sayar da giya da cin kuɗinta ba sai na karanto maka ba, shi ne ya hana hankalinka kwanciya tun farko. Zancen abinci ya fi tafiya kuwa bai canza komai ba. Dokar lasisi ta 2003 a Ingila da Wales ta wajabta wa kowace mashaya ta sa sunan mutum ɗaya mai lasisi a matsayin mai alhakin sayar da giya, kuma galibi mai riƙe wurin ake sa wa. Da sunanka za a riƙa zuba kowane kofi.

Abin da ya yanke hukunci a tambayarka shi ne abin da aka rubuta a rasit. Kafin alƙalami, wato arbun, kuɗi ne da mai saye ke bayarwa a kan in ciniki ya faɗa a lissafa shi cikin farashi, in ya fasa ya bar wa mai kaya. Malik, Shafi'i da Abu Hanifa sun hana shi, Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi Ahmad a zamanta na Brunei a 1993. Amma naka ba shi ba ne. Ajiya ka bayar don a cike giɓi in kaya sun ɓace ko ciniki bai cika ba. Kai kuwa ba ka karɓi makulli ba, ba a ƙirga maka kwalba ko ɗaya ba, to wane giɓi za a cike? Kuɗin bai taɓa fita daga mallakarka ba. Ko da ma an rubuta shi arbun, wanda ya halatta arbun ya halatta shi ne a cinikin halal. Yarjejeniyar da aka gina a kan sayar da giya ɓatacciya ce tun tushe, ita kuwa ɓatacciyar yarjejeniya kowa nasa ake mayar masa. Ka nemi kuɗinka, halal ne ka ci, ka ciyar da iyalinka.

Sai dai ka yi musu adalci. Kai ka je da ƙafarka, ka sa hannu, suka kashe kuɗi a kanka. Abin da suka biya na zahiri, kamar kuɗin horon nan da masauki, in suka cire da shaida, ina ganin ka bar musu. Kasancewarsu ba Musulmi ba bai mai da hakkinsu banza ba. Ribar giyar da suke cewa sun yi asara saboda wurin ya zauna a rufe, wannan kada ka amince da ita da son ranka.

Ƙofofi biyun da suka buɗe maka duk a rufe suke. Kawo wanda zai maye gurbinka dillancin aikin giya ne, Musulmi ka kawo ko wanda ba Musulmi ba. Ramin da ka fito ba za ka tura wani ciki ka karɓi lada ba.

Saura wata ukun, da maganar da aka jingina wa Abu Hanifa. Wanda ya faɗa maka bai ƙirƙira ba. Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bn Hasan sun ce Musulmin da ya shiga darul harbi, wato ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da ake yaƙi da ita, da aminci yana iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu ta hanyar cinikin da bai halatta a ƙasar Musulunci ba, har da riba, wato kuɗin ruwa, da sayar musu da giya. Amma ya ɓoye maka sauran zancen. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa kuma alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, bai yarda ba. Malik, Shafi'i da Ahmad ma ba su yarda ba, domin haram ba ta tsayawa a bakin iyaka.

Babbar hujjar masu halattawa ruwaya ce daga Makhul, cewa babu riba tsakanin Musulmi da ɗan darul harbi a darul harbi. Makhul tabi'i ne, bai ga Annabi (SAW) ba, kuma Shafi'i ya ce ruwayar ba ta tabbata ba. Ko ta tabbata, "babu riba" na iya zama hani, kamar yadda Suratul Baƙara ta ce babu kwarkwasa, babu fasiƙanci, babu jayayya a aikin hajji, alhali nufin kada a yi. Suna kuma kafa hujja da ribar Abbas, baffan Annabi (SAW), wai ya ci gaba da karɓarta a Makka yana Musulmi don a lokacin Makka darul harbi ce. To an buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, an sanar da soke ribar Abbas a hajjin bankwana a shekara ta 10. In har ta kai wannan lokaci, ba don Makka tana darul harbi ba ne.

Mu ma ɗauka ra'ayin ya inganta, bai hau kanka ba. Suna maganar ɗan kasuwa ne da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita, yana sayar da nasa ga wanda ya san ba Musulmi ba ne, riba ta dawo aljihunsa. Kai mazauni ne da takardu, 'ya'yanka na makaranta a can, kana sallar Juma'a ba mai hana ka. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Yaron da ya shigo daren Asabar za ka tambaye shi addininsa kafin ka zuba masa? Giyar ma ba taka ba ce, kai mai shayarwa ne a madadin kamfani, tsokar nasu, kai romo. Sannan, ɗan'uwa, mutumin da bai taɓa buɗe littafin Hanafiyya don alwala ko gado ba, sai ranar da fam 5,000 ta maƙale ya tuna da Abu Hanifa, ya binciki zuciyarsa. Lalura ma ba ta kai ba. Abu Ɗalha yana riƙe da giyar marayu da suka gada, ya nemi ya mai da ita khal, wato ruwan tsami, Annabi (SAW) ya ce a'a, aka zubar. Dukiyar marayu ce fa.

Ga yadda za ka bi. Ka karanta takardar da ka sa wa hannu, ka duba ko akwai sharaɗin da ya ce ajiya ta tafi in an fasa kafin fara aiki. Ka rubuta musu su aiko maka dalla-dalla abin da suka kashe, ka ajiye kowace wasiƙa, kada ka dogara da maganar waya. Ka kai takardar wurin lauya ko ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara a kan hakkokinsu. Kada ka sa rai da kwana 14 na fasa ciniki da kake ji ana faɗa, wannan na masu sayayya ne, ba na yarjejeniyar kasuwanci ba. In sulhu ya ƙi, ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana da hanya mai sauƙi a kotunansu, kuma zuwa can don karɓo hakkinka ya halatta. Sai dai alƙali takarda zai duba, ba zai karɓi "addinina ya hana" a matsayin hujja ba, don haka kana iya rasa wani abu. Wajen shigar da ƙara ana ba da damar neman kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari a shekara. Ka bar gurbin kuɗin ruwan nan a takardar babu komai, kada ka nema.

Kada kuma ka yi ƙaryar rashin lafiya, ko ka ce kamfani ya yaudare ka alhali abokinka ne ya ƙawata maka zancen. Mugira bn Shu'uba ya zo da dukiyar da ya samu ta ha'inci, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa ya ce ba ruwansa da dukiyar.

Fam 2,000 na ƙanin matarka yana wuyanka cif, kamfani ya biya ko bai biya ba. Ka kira shi cikin makon nan ka faɗa masa halin da ake ciki, kada ya ji a bakin yayarsa, ku tsayar da abin da za ka riƙa ba shi duk wata. Duk abin da ya fara fitowa daga kamfanin, shi za ka fara sallama.

Wallahu a'alam.